A Dawo da Malama Saratu, Ni Ne Na Yi Kuskure

Zuwa ga Shugaban Kwamitin Makarantar Al'ummarmu da ke Agege,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan Alhaji yana lafiya, ni ne marinin shaddar da ya tashi a taron iyaye makonni uku da suka wuce ya kira malamar kimiyya matsafiya. Da kunya nake rubutun nan.

Na ɗaya, abin da na gani. A taron, Malama Saratu ta haɗa ruwa iri uku farare a kofin gilashi. Ruwan ya koma kalar zuma, ya rikiɗe shuɗi, ya sake yin fari, ya yi ta zagayawa haka ba mai taɓa shi. Shekara talatin ina rini, ban taɓa ganin launi ya kama ya saki da kansa ba. Maimakon in tambaya, sai na ɗaga murya, iyaye suka bi ni.

Na biyu, 'yata Hafsatu da ke ajinta ta zaunar da ni. Ashe aidin ne da sitaci, sitacin da nake sa wa shadda kullum. Idan suka haɗu sai su ba da shuɗi. Wani haɗin yana fito da aidin ɗin, wani yana cinye shi, suna karɓa-karɓa har su ƙare. Ni da nake tsamo zane kore daga ruwan baban rini, iska ta mayar da shi shuɗi a hannuna, ni ne na rasa gane wannan.

Na uku, ga kukana da ku. Jahilcina nawa ne, amma ku masu ilimi ne. Kun dakatar da ita washegari, ba ku nemi ta yi bayani ba, don kawai kada iyaye su kwashe 'ya'yansu. Yanzu matan unguwa suna kauce wa malamar a layin famfo, Hafsatu kuma ta daina haɗa ido da ni.

Roƙona, Alhaji, a dawo da ita bakin aikinta. A sake tara iyayen nan a ɗakin da na ci mutuncinta, in nemi gafararta a tsaye. Idan ta yarda, ta kawo kofin, ni zan riƙe mata shi a gaban kowa.

Allah ya ƙara wa Alhaji lafiya, ya sa ku yi adalci.

Wassalam.
Mahaifin Hafsatu, marini, Agege.