Ƙyallayen Bayan Ƙofa

Yaya,

Sallama da gaisuwa mai yawa. Ina fata kin isa lafiya, kin tarar da maigidan da yara ƙalau. Ya ƙarin haƙurinmu? Maƙwabciyata ce ke rubuta min, na ce ta sa yadda na faɗa, kar ta gyara.

Yaya, ranar da za ki tafi kin share ɗakin Inna tas. Ƙyallayen nan dogaye masu ƙulle-ƙulle da ke rataye a ƙusa bayan ƙofa, kin haɗa da shara kin ƙona. Ba tsumma ba ne, awon mutane ne. Duk shekarun da Inna ta yi tana ɗinki, ba ta san lambar tef ɗin awo ba. Sai ta yago siririn ƙyalle daga yadin mace ta auna ta da shi, ƙulli ɗaya kafaɗa, ɗaya ƙirji, ɗaya ƙugu. Da ta ga launi ta san mai shi. Ina tsakar gida lokacin, da kin tambaye ni.

Yanzu ga yadin mutane jibge a kan gado. Da ƙyallayen na nan, da na rufe ƙofa na lallaba ɗinkin a hankali ba mai gani. Dole na kira matan in sake auna su, kuma duk wadda ta ga yadda nake kame-kame da awon sai ta ce ta tuna ba ta gaggawa, ta naɗe yadinta ta fita.

Kin san Inna ba ta taɓa bari na riƙe almakashi ba. Maɓalli, kalmasa, guga, nan ta tsayar da ni. Har na haihu tana ce min, "Ajiye, za ki yanke hannu." Ita ke yi wa 'yata wanka, ita ta sa mata suna Maɓalli, wai don ba ta fi shi girma ba. Da uban yarinyar ya tafi neman aiki ya yi shiru, sai Inna ta ƙara karɓar ɗinki kawai. Tana taka keken ɗinki da goyon jika, ƙafafu a kumbure, in na ce ta huta ta ce in je in ci abinci. Allah ya ji ƙanta, amma ina jin haushinta, Yaya. Ta yi min komai, ta tafi ta bar ni ban iya komai ba. In ɗinkin nan ya mutu, ban san me zan sa wa yarinyar nan a baki ba.

Ki gaida kowa.

Ƙanwarki,
Auta

Yaya,

Ina gaisuwa, ya yara? Mu muna nan. Maɓalli ta fara haƙori, tana ta neman Inna a bayan keke.

Mace ɗaya ce ta bar min yadinta, Mai Kifi, ƙatuwar nan ƙawar Inna. Ta ce in yanka kawai, jikinta da faɗi, kowane kuskure zai sami wurin ɓuya. Na auna ta da ƙyalle kamar yadda Inna ke yi, na yanka daidai kan ƙulli. Ashe Inna yatsa biyu take ƙarawa bayan kowane ƙulli saboda ɗinki. Ina ganin tana aza yatsu a kan yadi, na ɗauka riƙe shi take.

Rigar ta maƙale wa Mai Kifi a kafaɗa, hannu a sama, sai da muka taru muka zare ta. Ta yi dariya har da hawaye, daga baya dariyar ta tsaya, hawayen bai tsaya ba. Ta ajiye min rigar ta ce in yi wa yarinya wani abu da ita. Ba ta ce za ta dawo ba.

An karanta min saƙonki. Wai in aiko miki da keken ki ajiye a falo kina tuna Inna, ni kuma in taho in riƙa kula miki da yara. Na gode. Inna ta riƙe ni haka har ta mutu, kin ga inda ya kai ni. Keken ba zai zo ba, ni ma ba zan zo ba.

Na farke rigar Mai Kifi na yanka wa Maɓalli 'yan riguna guda biyu. Na zauna na ɗinka su a keken Inna. Ɗaya ta lalace, ɗaya ta shige ta.

Ki gaida maigidan.

Ƙanwarki,
Auta