Hannuna Ne Ya Sake Ki, Ige

Zuwa ga ƙawata Ige, gidan Goggo Abu, Kalgo.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da Goggo da mutanen gida, akwai maganar da ban taɓa faɗa wa kowa ba, ko Innata. Ranar da kika faɗi a dandali ƙeyarki ta fashe, ba Hansi ce ta sake ki ba. Ni ce.

Kin tuna yammacin. Kaka ce, an gama yankan gero, muna gaɗa a gindin tsamiyar bakin kasuwa. Kin juya baya kina waƙa, mu shida mun jeru za mu cafe ki, Hansi a tsakiya, ni a hagunta. Sai 'yan kokawar garin Malisa suka biyo hanya da makaɗansu. Akwai wani dogo a cikinsu, layu har gwiwar hannu. Ni kuwa a makon nan na gama wani littafin masoya da na ɗauko daga akwatin Kawu malamin makaranta. Ina ganinsa na ce shi ne, ya fito daga cikin takarda. Har na raɗa masa suna, har na ba shi doki. Kafin in dawo hayyacina kin taho, hannuna yana kan ƙirjina, nauyinki duka ya faɗa wa Hansi.

Shi kuwa ko waiwayowa bai yi ba, rake yake sha.

Wanzami ya aske miki rabin kai saura kwana tara Sallah. Kina kuka kina cewa, "Hansi ta, da gangan ta yi!" Ina riƙe da ƙwaryar ruwan ɗumi, bakina ya ƙi buɗuwa. Kin san ni, ko gaishe da baƙo sai na ɓuya bayan ƙyaure.

To amma ke ma, Ige, haba! Shekara biyu? Gashi ya fito, an ce har ya fi na da. Tun da Goggo ta ɗauke ki riƙo, duk wanda ya dawo daga Kalgo sai ya zo mini da saƙonki: kin iya iyo, kina hawa gora ranar bikin kamun kifi, kin kama kifin nan ragon ruwa da hannu. Madalla. Ƙarshen kowane saƙo kuma ɗaya ne, wai ba za ki taka Gwandu ba muddin Hansi tana fita dandali. Ina za ta? Garin ubanta ne!

Kin san abin da fushinki ya yi? Gaɗarmu ta rabu biyu. 'Yan ƙofar gabas suna bayanki, sauran suna bayan Hansi, kowane ɓangare bai kai a cafe mutum ba. Sai tafi kawai, kamar masu korar kaji. Waƙoƙin da kakarki ta koya miki ke kaɗai kika san ƙarshensu, mu muna kaiwa tsakiya sai mu kalli juna. Tsofaffin da ke dawowa daga ziyarar hubbare sun daina tsayawa kallonmu.

Hansi ta sani. Ta ga hannuna. Ba ta taɓa faɗa ba, sai dai in mun haɗu a rijiya ta ɗora mini tulu, ta dube ni, ta wuce. Wallahi gara ta mare ni.

Ina tsoron in kin karanta wannan za ki maido mini da zoben ƙawancenmu. In haka ne, kina da gaskiya. Amma ki zo da ƙafarki ki jefe ni da shi, sa'an nan ki shiga gidan su Hansi. An sa kokawa da 'yan garin Dodoru bayan Juma'a biyu, za a yi gaɗa kafin a fara. Na yi kewarki, Ige. Ba wanda nake ba labarin abin da na karanta ya yi mini dariya irin taki.

Allah ya sanyaya zuciyarki, ya yafe mini shiruna, ya saka wa Hansi.

Sau uku ina kai takardar nan bakin murhu ina dawowa. Ga Inna Balki mai busasshen kifi can tana naɗa gammo za ta kasuwarku. Bari in yafa zane in cim mata.

Taki, in kin yarda,
Kulu