Ku Cire Kwaɗon, Mijina Zai Taka

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Kwamitin Kula da Filin Shaƙatawa na unguwarmu, Sharaɗa.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ku da aiki, da fatan iyali suna lafiya.

Ni ma'aikaciya ce a wani kamfanin saƙa buhu. Mijina, Malam Sabo, hawan jini ya shanye masa ɓarin hagu bara. Likita ya ce in muna so ƙafar ta dawo, sai ya riƙa takawa kullum a wuri mai laushi, marar gargada. Saboda wannan ƙafar nake rubuto muku.

Na ɗaya. Lokacin da filin nan yake cike da leda da kashin awaki, ba mai shigarsa sai dole. Mu dolen ce ta kai mu. Ni da maƙwabciyata Maman Rifkatu muka share gefe guda. Malam ya fara daga ƙofa zuwa gindin darbejiya yana dafe da kafaɗata, har ya kai yana zagaye filin sau biyu shi kaɗai.

Na biyu. Kuka zo kuka gyara, kuka shuka ciyawa, kuka sa bencina. Wallahi mun yi murna. Matan da a da suke ƙyamar wurin, masu ciwon suga da masu ciwon gwiwa, suka fara fitowa bayan asuba. Ana haka sai muka wayi gari da kwaɗo a ƙofa, an rubuta buɗewa tara na safe, rufewa huɗu na yamma. Ranka ya daɗe, wa kuka buɗe wa? A wannan lokacin mai aikin safe yana kan inji, wanda ya kwana aiki yana ramuwar barci. Ni daga shida na safe zuwa shida na yamma nake yi, kuma ba mai kai Malam sai ni.

Na uku. Maigadin filin ya ce umarninku ne, don kada a tattake ciyawa. To ciyawa kam ta yi kyau, muna ganinta ta cikin waya. Mu kuma mun koma bakin titi, tsakanin tireloli da kwata mai wari. Makon jiya Malam ya kauce wa wata mota ya faɗi, ya gurje gwiwa. Tun ranar ya ƙi fita, ƙafar kuma ta fara sandarewa. Ina jin takaicin da ban iya ɓoyewa.

Buƙatata ba ta da yawa. Ku buɗe bayan sallar asuba, ku bari sai magariba. Ku ware mana hanyar takawa a gefe, ku riƙe ciyawarku.

In ba haka ba, harabar ofishinku na da inuwa kuma a share take. Ranar hutuna can zan kawo shi, mu da sauran matan, mu yi zagayenmu a gaban tagarku. Sai ku kore mu da bakinku.

Allah Ya taya ku riƙo, Ya ƙara muku lafiya, kada Ya nuna muku ranar da za ku nemi wurin koyon tafiya ku tarar da shi a kulle.

Wassalam.

Uwani, matar Malam Sabo