Rukayya Ta Ƙirga Daga Dama

Daren Talata, Minjibir

Ɗalibaina sun ɗauka cip, wato ɗan abin nan mai ƙafafu da ke sarrafa na'urorin lantarki, yana zuwa da wayonsa daga kamfani. Na sha gaya musu fanko ne, sai an loda masa umarni daga kwamfuta. Na'urar lodawar muke haɗawa da kanmu, da wayoyin tsohuwar caja da dalma.

Yau Rukayya ta gama haɗa tata. Muka jona, ƙaramar fitilar gwaji ba ta kama ba, cip ɗin kuma ya fara ɗumi. Na yi maza na zare. Shi kaɗai ya rage mana, in ya ƙone darasin ya tsaya sai zango mai zuwa.

Na ce ta nuna mini yadda ta ƙirga ƙafafunsa. Ashe daga dama ta fara.

"Malam, ai komai da dama ake farawa," in ji ta. "Alwala, shiga masallaci, har karatun allo."

Sani daga bayan aji ya ce, "To, shi wannan bai yi makarantar allo ba."

Ban ga laifinta ba. Ni ma da dama na fara sa takalmi da safe.

Na nuna mata ɗigon da ke hagu, inda ƙafa ta ɗaya take. Ta warware, ta sake haɗawa. Muka loda. Fitila ta kama, ta mutu, ta sake kamawa, yadda muka umarce ta. Alhamdu lillahi. Har yanzu ina jin sanyin abin a raina.

Sai ta miƙa wa Sani wayoyin. "Sarkin dariya, bisimilla. Haɗa taka mu gani."