Allon da Na Ƙi Kafawa

Zuwa ga ƙanena,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya kai da iyalinka, Allah Ya sa haka. Mu nan lafiya lau. Inna ta samu sauƙin ƙafar, har tana fita unguwa da kanta, sai dai kullum mitarta ita ce ka yi nisa.

Bari in tuna maka abin da ka riga ka sani. Ranar da na bar sakandare babu wanda ya ba ni ko guduma. Da tsohon injin walda na haya na fara, a gindin bango, rana na dukan ƙeyata. Na kafa rumfa, na mai da ita shago, na yi wa Inna rufin kwano, na biya maka makaranta har ka zama abin da ka zama. Yau mutum goma sha ɗaya ke cin abinci a ƙarƙashina, ban da waɗanda na yaye suka buɗe nasu. A unguwar da samari masu takardu ke wuni a kan benci suna gardamar ƙwallo, ai wannan ba wasa ba ne.

To, kwanan baya mutanen ma'aikatarku, masu shirin samar wa matasa aikin yi, suka ba ni aikin ƙera allon ƙarfe. Na ƙera da hannuna, suka kai wa mai fenti. Ashe a ƙofar shagona za a kafa shi! An rubuta wai wannan cibiya ce da shirinsu ya samar. Suka raba wa ma'aikatana riguna masu tambari, suka jera su za a ɗauki hoto. Da na shiga layi, sai wani mai kwat ya ce don Allah baba ya ɗan matsa gefe, furfura za ta ɓata hoton matasa. A shagona fa! Nan take na ce kowa ya tuɓe rigar ya koma bakin aiki.

Sun ce idan na bar allon ya tsaya za su kawo mana babban janareto. Ka san yadda rashin wuta ke kashe mana aiki, wani lokaci mu wuni muna kallon juna. Dogo, babban ma'aikacina, ya roƙe ni in haƙura. Matar yayanka ma ta ce suna ba ya tayar da inji. Gaskiyarsu ce, kuma na ji zafinta. Amma idan na yarda, gobe 'ya'yana za su tashi su karanta a ƙofar ubansu cewa ba shi wurin aka yi, ba shi ya kafa ba.

Allon yana bayan shago, fuskarsa na kallon bango. Sun zaga neman wanda zai kafa musu, duk masu waldar unguwar sun ƙi, don a hannuna suka koya.

Ka gaida mai ɗakinka da takwarana da auta. Inna da Gwaggo suna gaishe ka.

Tunda kana kusa da manyanku, ka isar musu da wannan: ba na ƙin janareto, ba na ƙin gwamnati. A goge ƙaryar nan, a rubuta sunana a sama da manyan baƙaƙe, a ce ni na kafa wurin. Su sa nasu a ƙasa, in ya samu wuri.

Naka har kullum,
Yayanka mai walda