Santimita Biyar a Wandon Baba

Litinin, 2 ga Disamba, ƙarfe 6:40 na safe
Ina zaune a bakin gadon Baba. Ma'aunin da ke jikin taga ya nuna digiri tara. Sai da aka yi minti ashirin da biyu kafin gwiwarsa ta dama ta saki, ya iya takawa. Hoton asibiti ya nuna guringuntsin ya cinye ta gefen ciki.

Dalilin wannan littafi: an ɗauke ni aiki a sashen gashin ƙashi na wani asibiti, tafiyar awa bakwai daga nan, suna son amsa kafin 20 ga wata. Tun rasuwar Mama mu biyu ne a gidan. Ba zan yanke shawara da ka ba, sai na ga lambobi. Na koya masa ma'aunin da aka koya mana a makaranta: sifili babu ciwo, goma ciwon da ba ya jurewa. Ya ce uku.

Laraba, 4 ga Disamba
Digiri takwas. Uku. Na gasa masa gwiwar da tawul mai ɗumi minti goma sha biyar. Sandar da yake dogarawa kuma a hannun dama yake riƙewa, na mayar masa hagu, na yi bayani. Ya ce, "To, Likita, kuɗin makaranta bai faɗi ƙasa ba." Da na juya baya ya mayar da ita dama.

Asabar, 7 ga Disamba
Uku.

Lahadi, 8 ga Disamba
'Yan ajinmu sai turo hotuna suke da fararen riguna. Na rubuta barka, na goge, na sake rubutawa. Yau ban yi magana da kowa ba sai Baba, shi ma rabinta tambayar lamba ce.

Laraba, 11 ga Disamba
Digiri shida, mafi sanyi zuwa yanzu. Uku. Matakala goma sha huɗu ne daga ɗakinmu zuwa shagon ɗinkinsa. Na tuna masa: in za a hau, lafiyayyar ƙafa gaba, in za a sauka, mai ciwon. Ya sauka cikin daƙiƙa hamsin yana ta ba ni labari, ko sau ɗaya bai ɓata fuska ba. Kwana goma, uku goma. A takarda dai wannan ciwo ne da ya tsaya wuri guda. Ya kamata in ji daɗi.

Yaya ta kira, ta ce kaza ma tana barin akurki, in tafi kawai. Ita da ba ta zo ba tun bazara.

Asabar, 14 ga Disamba
Ina shanya wanki na ga ƙafafun wandonsa ruwan toka ba su zo daidai ba. Na ɗauko tef ɗinsa na awo. A gwiwa, hagu 46, dama 51. Na juya cikin wandon. An farke ɗinkin, an ƙara ƙyalle siriri mai launi ɗaya, yadda kumburi ba zai nuna ba. Na duba sauran: huɗu cikin biyar haka suke.

Kuma ɗinkin hannu ne. Mutumin da ya yi shekara talatin da ɗaya a kan keken ɗinki. Sai yanzu na lura tun shigowar sanyi ban ji ƙarar keken ta ƙasan ɗakina ba. Na auna sanyi, na auna mintoci, ban lura gidan ya yi shiru ba.

Lahadi, 15 ga Disamba
Ban tambaye shi lamba ba. Ya jira, ya gaji, ya ce, "Yau babu jarrabawa?"

Litinin, 16 ga Disamba
Na ajiye wandon a kan teburin yanka, cikinsa a waje. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce ɗinkin ai ya yi kyau. Na ce Baba, nawa ne? Ya ce, "Auta, ke kika ce in zaɓi lamba. Na zaɓi wadda za ta kai ki tasha." Na ce ta gaskiya nake so. Ya ce da safe takwas, in rana ta fito shida. Na auna gwiwar da tef ɗinsa, tana da ɗumi, akwai ruwa a ciki. Gobe asibiti. Na hau sama na yi abin da ba na rubutawa.

Alhamis, 19 ga Disamba, ƙarfe 4:15 na yamma
An zuƙe ruwan shekaranjiya, an canja magani. Na aika amsa: zan zo, amma ina roƙon su bar ni sai farkon Maris. Baba ne ya matsa a cire kalmar "in zai yiwu".

Tun safe ina shago. Ni ke taka keken, shi yana gefe yana jan yadi, ƙafarsa a miƙe kan benci. Ya ce ina taka shi kamar mai kashe kunama. Mun gama riguna uku. Ban duba ma'aunin taga ba yau. Mantuwa ce, ina jin.

Abubuwan da ban sani ba:
1. Ko za su jira ni har Maris.
2. Ko ruwan zai sake taruwa.
3. Nawa ake sa wa irin wannan keke injin lantarki, da ko zai yarda.
4. Wa zai faɗa wa "takwas" in ba na nan.
5. Wando na huɗu, zaren ƙarin ya riga ya koɗe. Ban san tun wane sanyin ba.