Labarin da Aka Ɓoye Mini a Tiga

Zuwa gare ki Hafsat, sanyin idona, inuwata a tsakar rana, ruwan randar da nake sha in manta da gajiya,

Ina miƙo miki sallama, da ta'aziyyar da ta makara. Allah Ya jiƙan Baba, mahaifinki, Ya haskaka kabarinsa. Na zo ƙofar gidanku na yi ta sallama har muryata ta dushe, aka ce ba kya son ganina. Ban ga laifinki ba. Amma ki bar takarda ta shiga inda aka hana ƙafata.

Kin tuna farkon wannan haukan nawa? Ranar da na ce zan shiga gasar da ake ninkaya, a fito a hau keke, a sauka kuma a yi gudu mai nisa, kika yi dariya har mayafinki ya zame, kika ce ni da ban taɓa shiga ruwan da ya fi na bokiti ba. Duk da haka unguwarmu Gyadi-Gyadi ta ɗauke ni kamar ɗa ɗaya tilo. Lawan ya riƙa bina da adaidaitarsa a titin Zariya don kada mota ta kwashe ni. Inna Indo tana ajiye mini koko mai kauri. Malam Samuel, malamin makarantar nan ɗan Filato, ya koya mini ruwa. Baba kuwa, a rumfarsa ta gyaran keke a Unguwar Gano, ya sa na hau na sauka har ya saita mini sirdi daidai tsawon ƙafata. Ke kuma, hasken raina, kullum kina ajiye mini gorar zoɓo a kan dakalinku.

Mutanen nan da suka so ni su ne suka raba ni da ke, ba da nufi ba. Da muka tafi dam ɗin Tiga atisayen 'yan kwanaki, Malam Samuel ya karɓe wayata kamar yadda ya saba. Shi aka kira ranar da Baba ya rasu. Ya nemi shawarar Lawan, Lawan ya nemi ta manyan unguwa, suka ce ba a faɗa wa mai shiga ruwa mai zurfi mutuwa, kada hankalinsa ya tashi ya nutse. Suka yi ta yi mini murmushi, suna cewa gida lafiya. Ina can ina murna numfashina ya ƙaru, ashe ke kina kallon ƙofa, kowa ya shigo gaisuwa ban da ni. Aka yi jana'iza, aka yi sadakar uku, ba Ashiru! Wace zuciya ce ba za ta ce na zaɓi gasa na bar ta ba?

Wallahi, Hafsat, da na sani da a ƙafa zan taho. Yaya zan yi fushi da Lawan, wanda ya faɗa mini yana kuka? Yaya kuma zan yi in daina kukan nawa? Gasa ta matso, jikina ya shirya, zuciyata kuwa ta yi nauyi kamar rigar da aka tsamo daga ruwa. Sirdin nan ya fara karkacewa yana ci mini cinya. An ce in kai a gyara, na ƙi, domin hannun Baba ne na ƙarshe da ya taɓa shi.

Ba na roƙon ki zo ki ga gasa. Gobe da safe zan bi ta layinku, in rage gudu kamar da. In na ga gora a dakali, na san kin karɓi gaisuwata. In babu, zan wuce da ƙishirwata, jibi in sake biyowa.

Naki a yau da gobe, har ranar da ƙafa za ta daina takawa,
Ashiru